Ciwon Hanta Nau'in C: Cutar Da Ke Bin Jini A Ɓoye

A wannan makon ni aka ba wa babban shafin allonmu, na kuma zaɓi in yi bayani a kan wata cuta da ban taɓa jin sunanta ba sai da ta shigo gidanmu. Na nemi izinin Yayana da Ummanmu kafin in rubuta, kuma sun amince. Yaya cewa ya yi in rubuta komai, wataƙila wani ya amfana.

Yadda abin ya faro

Yayana yana da sikila, shekarunsa 19. Tun yana ƙarami ake yi masa ƙarin jini, har Umma ta ce ta daina ƙirga leda nawa aka sa masa. A dogon hutun bara ciwon ya tashi sosai, aka kwantar da shi a asibiti kwana tara. Umma ce mai jinya. A kan tabarma take kwana a gefen gadonsa, ita ke goge masa jiki, ita ke wanke zannuwa. Aikina ni shi ne kai abincin rana.

A rana ta biyar, Umma tana kakkaɓe zanin gado sai wata allura da aka riga aka yi wa Yaya amfani da ita ta soke ta a yatsa. Ta kai yatsan baki za ta tsotse, kamar yadda kowannenmu yake yi in ƙaya ta soke shi. Wata nas ta hango ta, ta ce, "Mama, kada ki tsotsa! Zo mu je famfo." Ta sa Umma ta wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu, sannan ta kira likita. Likita ya ce a gwada jinin Yaya da na Umma.

Da sakamako ya fito, na Umma babu komai, amma an ce ta dawo a sake gwadawa nan gaba. Na Yaya kuwa ya nuna alamar ciwon hanta nau'in C. Dukanmu muka yi shiru, domin abin da muka sani kawai shi ne ciwon hanta yana kisa. Daga ranar na shiga tambaya. Na tambayi nas, na tambayi likita, na dami malaminmu na kimiyya, na kuma karanta bayanan Hukumar Lafiya ta Duniya a wayar Baba. Ga abin da na fahimta.

Hanta da aikinta

Hanta tana ɓangaren dama na ciki, a ƙarƙashin haƙarƙari. A jikin babban mutum nauyinta ya kai kusan kilo ɗaya da rabi. Ita ke tace jini ta fitar da guba, ita ke yin ruwan ɗacin da ke taimakawa wajen narkar da maiƙo, tana adana sukari saboda lokacin da jiki zai buƙata, tana kuma haɗa sinadaran da ke sa jini ya daskare idan mutum ya yanke.

Ƙwayoyin cutar da aka fi sani da kumbura hanta guda biyar ne, an raɗa musu A, B, C, D da E. A da E ta gurɓataccen ruwa da abinci suke shiga. B, C da D kuwa hanyarsu jini ce, B kuma tana bin sauran ruwan jiki sosai. Mutane da yawa suna haɗa su duka su ce "ciwon hanta" ko "shawara", alhali kowacce da halinta. Ga wani bambanci da ya kamata kowa ya riƙe: B tana da allurar rigakafi, wadda ake fara yi wa jarirai tun daga haihuwa. C ba ta da rigakafi har yau, amma tana da maganin da ke warkar da ita gaba ɗaya.

Me ya sa take ɓuya?

Yawancin waɗanda ƙwayar C ta shiga jikinsu ba sa jin komai a farko. Wasu kaɗan sukan ji zazzaɓi, kasala, tashin zuciya, fitsari ya yi duhu, ido ya yi rawaya. Alamun kan ɗauki mako 2 zuwa wata 6 kafin su fito, in ma za su fito. A ƙasarmu kuwa duk wanda ya ji zazzaɓi da kasala maganin maleriya zai nema.

Kimanin mutum 30 cikin 100 jikinsu yakan kori ƙwayar da kansa cikin wata shida. Sauran 70 ɗin takan zauna musu, tana cin hanta a hankali. Hanta ta yi rauni ta warke, ta sake yin rauni ta sake warkewa, har tabo ya cika ta ta taurare. Cikin waɗanda cutar ta zauna wa, 15 zuwa 30 cikin 100 hantarsu takan taurare a cikin shekara 20. Daga nan ne ake ganin kumburin ciki da ƙafa, da aman jini, wani lokaci har da kansar hanta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 50 ne ke ɗauke da ita a duniya, kuma ta kashe kusan mutum 242,000 a shekarar 2022. Mafi yawan masu ita ba su ma san suna da ita ba.

Ga mai sikila ɓuyan ya fi tsanani. Idon Yaya dama yakan yi rawaya saboda sikila, dama yakan gaji da wuri. Ko da hanta ta yi kuka, sikila za mu ɗora wa laifin. Likita ya ce mai yiwuwa ƙwayar ta yi shekaru a jikinsa. Ya kuma ƙara da cewa yawan ƙarin jini yana tara sinadarin ƙarfe a hanta, don haka hantar mai sikila kaya biyu take ɗauka in C ta shigo.

Su wa suka fi shiga haɗari a asibiti?

Ƙa'idar ɗaya ce: sai jinin mai cutar ya samu hanyar shiga jinin wani. Saboda haka duk majinyacin da ake yawan huda jijiyarsa ya fi sauran mutane kusa da haɗari.

Na farko su ne masu karɓar ƙarin jini akai-akai, irin su masu sikila, masu cutar da ke hana jini daskarewa, da wasu masu kansa. Doka ita ce kada a sa wa kowa jini sai an gwada shi a kan ƙanjamau, ciwon hanta B, ciwon hanta C da tunjere. In an yi haka haɗarin yana raguwa ƙwarai. Matsala tana zuwa ne idan an karɓi jini cikin gaggawa daga inda ba a tantancewa da kyau. Akwai kuma wata 'yar kafa: wanda bai daɗe da kamuwa ba, gwajin gaggawa zai iya nuna ba shi da komai, domin alamar da ake nema takan ɗauki makonni kafin ta bayyana a jini. Wanda aka sa wa leda ɗaya a rayuwarsa sau ɗaya ya bi ta gaban wannan kafar. Wanda aka sa wa leda talatin fa?

Abin sha'awa, ta hanyar masu ƙarin jini aka gano cutar tun asali. A shekarun 1970 wani likita a Amurka mai suna Harvey Alter ya lura cewa wasu da aka ƙara wa jini suna kamuwa da ciwon hanta wanda ba A ba ne kuma ba B ba. Sai a 1989 Michael Houghton da abokan aikinsa suka gano ƙwayar. Charles Rice ya tabbatar da cewa ita kaɗai ta isa ta haddasa ciwon. Su ukun suka samu kyautar Nobel a 2020.

Na biyu su ne masu wankin ƙoda. Idan ƙoda ta daina aiki, akan haɗa mutum da na'urar da ke zuƙo jininsa ta tace ta mayar, sau biyu ko uku a mako, kowane zama kusan awa huɗu. A irin wannan ɗaki jini yana fita waje kullum, kuma marasa lafiya suna jere kusa da juna. Ɗigon da ya taɓa maɓallin na'ura, safar hannun da ba a canza ba tsakanin mutum biyu, ko kwalbar magani ɗaya da aka zuƙa wa mutane da yawa, kowanne zai iya zama gada. Ƙwayar C tana iya rayuwa a busasshen jini na kwanaki, har ma makonni. Shi ya sa ake gwada masu wankin ƙoda kafin su fara, a kuma riƙa maimaitawa.

Na uku su ne waɗanda ake yi wa tiyata, cire haƙori, ɗinki ko yawan allurai da kayan da ba a tsabtace su yadda ya kamata ba. Masu ƙanjamau ma ana so a gwada su, domin cututtukan biyu suna bin wasu hanyoyi iri ɗaya, kuma in sun haɗu hanta ta fi saurin lalacewa.

Kada wani ya karanta wannan ya ce zai guji asibiti. Ba don ƙarin jini ba da Yaya bai kai yau ba. Abin da ake so shi ne a je inda ake bin ƙa'ida, a kuma buɗe ido.

Masu jinya fa?

Duk wanda ya taɓa shiga asibitin gwamnati ya san rabin aikin jinya 'yan uwa ne ke yinsa. Su ke danne auduga bayan an cire allura, su ke goge jinin da ya zuba in robar ƙarin ruwa ta goce, su ke wanke zani da hannu. Yawancinsu iyaye mata ne da yayye, wani lokaci ma sa'o'inmu. Ma'aikacin asibiti an koya masa yadda zai kare kansa, yana kuma da safar hannu. Mai jinya babu wanda ya koya masa komai.

Haɗarin mai jinya bai kai na majinyaci ba, kuma ba duk sukar allura ke kawo cutar ba. Amma hanyoyin suna nan: allurar da aka bari a gado, jini ya taɓa hannun da ke da yanka ko tsagewar sanyi, jini ya fantsama a ido, ko a yi tarayya a reza, abin yanke farce, burushi ko aswaki. Ga abubuwan da nas ɗin nan ta koya wa Umma, na kwafe su a littafina:

1. A sa safar hannu ta roba kafin a taɓa jini, auduga ko bandeji. In babu, a zura hannu a leda mai kyau wadda ba ta huje ba.
2. Duk wani yanka a hannu a rufe shi da filasta kafin a fara aiki.
3. Kada a kakkaɓe zanin gado ko a cusa hannu ƙarƙashin filo sai an duba da ido.
4. Kada a yi ƙoƙarin mayar wa allura murfinta. A jefa ta a akwatin allurai na asibiti. A gida kuwa a sa ta a jarka mai kauri mai murfi, a kai asibiti.
5. Jinin da ya zuba a ƙasa a goge shi da ruwan bilic irin su Hypo, kashi ɗaya a cikin kashi tara na ruwa.
6. In allura ta soki mutum, ya wanke da sabulu da ruwa mai gudu, kada ya tsotsa, kada ya matse. Ya faɗa wa ma'aikata nan take, domin akwai matakan gaggawa na kariya daga ƙanjamau da ciwon hanta B waɗanda ba sa jira. Ita C babu maganin riga-kafinta, gwaji ake bibiya da shi.
7. Mai jinya ya yi allurar rigakafin B, ya kuma gwada jininsa ko da yana jin garau.

Abin da ba ya yaɗa ta

Wannan ne ya fi yi mini ciwo. Da muka dawo gida, Gwaggo ta zo dubiya ta ji labari. Cikin kyakkyawar niyya ta ce a ware wa Yaya kofinsa da kwanonsa, a kuma hana ƙannenmu hawa katifarsa. Yaya bai ce komai ba, amma a daren nan bai ci tuwo ba. Washegari na ga ya ɗaure wa wani kofi jan zare da kansa.

Da muka koma asibiti Umma ta tambayi likita. Ka san Umma ba ta faɗin sunansa tunda ɗan fari ne, sai ta ce, "Likita, yaron nan sai mun ware masa kwano?" Likita ya ce a'a. Ciwon hanta nau'in C ba ya bin abinci, ba ya bin ruwan sha. Ba a ɗaukarsa ta musabaha, runguma, tari, atishawa, zama a benci ɗaya ko cizon sauro. Uwa mai cutar tana iya shayar da jaririnta, sai dai in kan nonon ya tsage yana jini. Yana iya wucewa daga uwa zuwa jariri lokacin ciki ko haihuwa, ko tsakanin ma'aurata, amma waɗannan ba su kai hanyar allura da jini yawa ba. Abin da za a ware kawai shi ne reza, abin yanke farce da burushi, waɗanda dama bai kamata a yi tarayya a kansu ba.

Muna isa gida Umma ta kunce jan zaren nan, ta zuba kunu a kofin ta sha a gaban kowa, ta miƙa mini ragowar.

Gwajin guda biyu ne

Gwajin farko, wanda ake yi da ɗigon jini, yana nuna cewa jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar ne kawai. Malaminmu ya kwatanta shi da sawun ɓarawo a tsakar gida: sawu ya nuna an shigo, amma bai nuna ɓarawon yana ciki har yanzu ba. Gwaji na biyu shi ke neman ƙwayar kanta a cikin jini. Wanda jikinsa ya kore ta, ko wanda ya sha magani ya warke, gwajin farko zai iya ci gaba da nuna alama har ƙarshen rayuwarsa. Don haka kada a firgita da na farko, kada kuma a fara shan magani sai an yi na biyu.

A da maganin allurai ne masu wahalarwa na wata shida zuwa shekara, kuma kusan rabin mutane kaɗai ke warkewa. Daga 2013 aka fara samun sababbin ƙwayoyi irin su sofosbuvir. Yanzu ana haɗiyar magani kullum, yawanci na mako 12, wasu har mako 24, kuma fiye da mutum 95 cikin 100 suna warkewa. Sai dai wanda ya warke zai iya sake kamuwa, domin warkewa ba rigakafi ba ce. Likita ya kuma ja kunnen Yaya a kan jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba da yawan shan farasitamol, domin suna ƙara wa hanta nauyi. Giya kuwa babbar abokiyar gabar hanta ce.

Darasi daga Masar

Ƙasar Masar ta nuna yadda allura ke yaɗa cutar, ta kuma nuna yadda ake cin ƙarfinta. Daga shekarun 1950 zuwa 1980 an yi wa miliyoyin mutanen ƙauyukan bakin kogin Nilu allurar maganin tsargiya, wato fitsarin jini. Sirinjin gilashi ake amfani da shi, a yi wa wannan a yi wa wancan ba tare da an dafa shi sosai ba. A lokacin babu wanda ya san da ƙwayar C. Bayan shekaru sai aka tarar kusan mutum 1 cikin 10 na manyan ƙasar yana ɗauke da ita.

Masar ba ta naɗe hannu ba. Ta riƙa haɗa maganin a cikin gida don ya yi arha, sannan a 2018 ta fara gangamin gwaji kyauta a duk faɗin ƙasa. An gwada mutum fiye da miliyan 60, an ba fiye da miliyan 4 magani. A watan Oktoba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ta shaidar matakin zinariya a hanyar kawar da cutar, ita ce ƙasa ta farko da ta samu. Burin duniya shi ne a kawar da barazanar ciwon hanta nan da 2030.

Yadda muka ƙare

Gwaji na biyu ya nuna ƙwayar tana jinin Yaya. Gwajin da maganin duka akwai tsada, sai da Baba ya sayar da raguna biyun da yake kiwo saboda babbar Sallah. Ni aka naɗa mai tuni. Na zana gidaje 84 a bayan kalanda, kullum bayan sallar isha'i in Yaya ya haɗiye maganinsa sai in soke gida ɗaya. Da ya gama aka jira wani mako 12 aka sake gwaji, ba a ga ƙwayar ba. Umma ma an sake gwada ta kamar yadda aka ce, ba ta ɗauka ba. Gwaggo da kanta ta je ta yi gwaji, domin an taɓa ƙara mata jini wajen haihuwa.

Wani lokaci nakan yi tunani: da allurar nan ba ta soki Umma ba, ko da nas ɗin ba ta hango ta ba, da har yau Yaya yana yawo da cutar ba mu sani ba.

Roƙona gare mu

'Yan uwana ɗalibai, in a gidanku akwai mai sikila, mai wankin ƙoda, ko wanda aka taɓa ƙara wa jini, ku tambayi iyayenku cikin ladabi ko an taɓa yi masa gwajin ciwon hanta B da C, shi da mai jinyarsa. In za a yi muku allura, ku ga an ɓare sabon sirinji a gabanku. Wurin aski da yankan farce ku nemi sabuwar reza, mu kuma daina aron reza a aji don fiƙe fensir sannan a yanke farce da ita. In an ce ɗan ajinku yana da cutar, ku ci gaba da cin abinci tare da shi.

Malamanmu kuma muna roƙon a ƙara safar hannu a akwatin taimakon gaggawa na makaranta, domin kullum sai wani ya fasa gwiwa a filin ƙwallo. Ranar 28 ga Yuli ce ranar ciwon hanta ta duniya, kuma takan faɗo dab da hutu ko cikinsa. Muna roƙo a gayyato mana ma'aikacin lafiya ya yi mana bayani a taron safe kafin a tashe mu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri.

Daga wakiliyar aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida